JOHN NEWTON, MAI CINIKIN BAYI WANDA ƘAUNAR ALLAH TA KAMA

Mutane da yawa a cikin ekklesiya suna tsammani sai mutum ya gyara halinsa tukuna, sa'an nan Allah zai ƙaunace shi. Saboda haka waɗansu su kan yi aikin Ubangiji da tsoro, kamar ɗan ƙodagon da ke gudun kada maigida ya kore shi. Waɗansu kuwa, in sun tuna da laifofinsu na dā, sai su fid da zuciya. Amma Manzo Bulus ya nuna mana cikin Romawa 5:8 ƙaunar Allah ta riga tubanmu, ba ta jira mu gyaru ba. A wannan wata za mu ba da labarin wani mutumin Ingila wanda ya ɗanɗana wannan gaskiya, ta kuwa zama ƙarfin da ya tura shi cikin aikin Ubangiji har shekara arba'in da 'yan kai. Sunansa John Newton.

ƘURUCIYARSA

An haifi John Newton a birnin Landan cikin watan Yuli 1725. Ubansa kyaftin ne na jirgin fatauci, yana yawan tafiya Bahar Rum. Uwarsa Elizabeth mace ce mai tsoron Allah, amma ba ta da ƙoshin lafiya. Shi kaɗai ne ɗanta, ta kuwa ba da dukan ƙarfinta ga renonsa. Tun yana ɗan shekara huɗu ya iya karatu. Ta sa shi ya haddace ayoyin Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin sujada, tana roƙon Allah ya maishe shi mai wa'azin bishara. Ba ta ga amsar addu'arta da ido ba, gama tarin fuka ya kashe ta a 1732, saura 'yan kwanaki yaron ya cika shekara bakwai.

Uban ya sake aure, aka kai John makarantar kwana ya yi shekara biyu. Da ya kai shekara goma sha ɗaya, sai uban ya ɗauke shi cikin jirgi. Can a tsakanin ma'aikatan jirgi ya koyi ashar da shashanci. Sau da dama lamirinsa ya kan tashe shi, ya yi ƙoƙarin gyara kansa da azumi da yawan karatu, amma ba ya daɗewa sai ya koma gidan jiya. A ƙarshen 1742 ya kai ziyara gidan 'yan'uwan uwarsa a Chatham, ya ga wata yarinya mai suna Mary Catlett, sonta ya shiga ransa ƙwarai. Ubansa ya riga ya samo masa aiki a Jamaika, amma John ya yi zamansa har jirgin ya tashi ya bar shi.

A 1744 aka kama shi ƙarfi da yaji aka sa shi cikin jirgin yaƙi mai suna Harwich, gama a zamanin nan haka a kan tara sojan ruwa a Ingila. A cikin jirgin nan ya yi abota da wani mai musun Allah, ya yar da sauran bangaskiyar da ta rage masa. Bai tsaya nan ba, har ya riƙa yi wa masu bi ba'a, ya kuma lalata bangaskiyar wani saurayi abokin aikinsa. Wannan abu ya dame shi har tsufansa, domin daga baya ya yi ƙoƙari ya komo da saurayin ga hanya bai iya ba, saurayin ya mutu cikin rashin bangaskiya. A 1745 John ya gudu daga jirgin, aka kamo shi, aka yi masa bulala a gaban jama'ar jirgi duka, aka rage masa muƙami. Baƙin ciki ya cika shi har ya yi tunanin kashe kyaftin, ya kuma kashe kansa. Tunanin Mary ne ya tsai da hannunsa.

BAWA A ƘASAR BAYI

Kyaftin ɗin ya gaji da shi, ya yi musayarsa da wani mutum na jirgin cinikin bayi mai zuwa Afirka ta Yamma. A nan ma bai zauna lafiya da kowa ba. Da suka iso gaɓar Saliyo, sai ya sauka ya shiga barantakar wani Bature mai cinikin bayi, Amos Clow, a wani ɗan tsibiri da a ke kira Plantain. Ya yi tsammani zai yi arziki, ashe wahala ya tarar. Maigidan ya yi tafiya ya bar shi kwance da zazzaɓi a hannun matarsa, 'yar wani babban gida na ƙasar, ita kuwa ta ƙi jininsa. Ta hana shi abinci, wani lokaci ta kan miƙa masa sauran da ta ci ta rage. Yunwa ta kan fitar da shi da dare ya tono saiwa a gona ya ci ɗanya. Da maigidan ya komo, shi ma ya zarge shi da sata, ya riƙa ɗaure shi a kan jirgi cikin ruwan sama da zafin rana.

Ga abin da ya kamata mu lura da shi. Waɗanda suka ji tausayinsa a kwanakin nan su ne bayin da ke ɗaure cikin mari suna jiran a sayar da su. Su kan ɓoye ɗan abincinsu su ba shi a asirce. Mutanen da ya zo Afirka domin ya ci riba a kansu, su Allah ya sa suka riƙe ransa. Duk da haka zuciyarsa ba ta yi taushi ba tukuna.

Ubansa ya roƙi wani attajirin Liverpool, Joseph Manesty, ya sa jiragensa su neme shi. A farkon 1747 jirgin Greyhound ya same shi ya ɗauke shi. Jirgin ya yi wajen shekara guda yana bin gaɓa yana sayen zinariya, da hauren giwa, da kakin zuma, da itace. Saɓon John ya yi yawa har kyaftin, wanda shi ma ba waliyyi ba ne, ya kan tsauta masa.

DAREN HADARI

A kan hanyarsu ta komawa gida, John ya sami wani tsohon littafi na Thomas à Kempis a kan bin gurbin Kristi, ya riƙa karantawa domin kashe lokaci. Wata tambaya ta faɗo masa, watau in abin da ke ciki gaskiya ne fa, ina makomarsa? Ya rufe littafin ya kwanta.

A daren nan, 21 ga Maris 1748 bisa ga kalandar da mu ke bi yanzu, babban hadari ya auka musu a tsakiyar tekun Atlantika. Raƙuman ruwa suka farfasa gefen jirgin, ruwa ya cika ɗakin da ya ke kwance. Yana shirin hawa sama ke nan, kyaftin ya aike shi ya ɗauko wuƙa. Mutumin da ya hau a madadinsa, nan take ruwa ya share shi, ba a ƙara ganinsa ba. Suka yi ta toshe ramuka da tufafinsu, John yana buga famfon fid da ruwa tun kafin asuba har tsakar rana, ɗaure da igiya don kada ruwa ya tafi da shi. Cikin wannan hali ne bakinsa ya furta roƙon jinƙan Ubangiji, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Maganar ta ba shi mamaki shi kansa, ya shiga tambayar zuciyarsa ko akwai sauran jinƙai ga mutum irinsa.

Da ƙarfinsa ya ƙare aka sa shi riƙon tuƙin jirgi har tsakar dare. A nan ayoyin da uwarsa ta dasa a zuciyarsa suka fara komowa, waɗansu suna tsoratar da shi, waɗansu suna ba shi bege. Jirgin bai nutse ba, gama kakin zuma da itacen da ya ɗauko ba su da nauyi cikin ruwa. Amma suka yi mako huɗu suna yawo a teku, cikin sanyi da yunwa, mutum goma sha biyu suna raba rabin busasshen kifi a yini. Kyaftin ya riƙa cewa John ne Yunanan da ya jawo musu masifa. Shi kuwa yana ta karanta Sabon Alkawali. Misalin ɗan nan mubazzari cikin Luka 15 ya kama shi ƙwarai, musamman yadda uban ya sheƙo a guje tun ɗan yana nesa, bai jira ya yi wanka ko ya sake riga ba. Cikin watan Afrilu suka isa gaɓar Ailan, abincinsu na ƙarshe yana kan wuta. Har ƙarshen ransa John bai bar ranar 21 ga Maris ta wuce ba sai ya keɓe ta domin addu'a da godiya.

SHEKARU SHIDA NA MAKANTA

Yanzu mun zo wurin da ya fi nauyi cikin labarin, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Mai karatu zai so ya ji cewa tun daga ranar nan John Newton ya wanke hannunsa daga cinikin bayi. Ba haka ya zama ba. Ya bar ashar da saɓo, ya fara addu'a, amma a shekarar nan ta 1748 ya koma Saliyo, yana mataimakin kyaftin a jirgin bayi mai suna Brownlow. A 1750 ya auri Mary Catlett, aka kuma ba shi jirgi nasa. Daga 1750 zuwa 1754 ya yi tafiya uku yana kyaftin, ɗaya cikin jirgin Duke of Argyle, biyu cikin jirgin African. Ya sayi ɗaruruwan 'yan Afirka, maza da mata da yara, ya haye teku da su ya sayar. Ran Lahadi ya kan tara ma'aikatan jirgi su yi sujada a sama, a ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa ga mutane jere cikin sarƙa kamar kaya. Sa'ad da bayin suka yi shirin tayarwa domin su ƙwaci kansu, ya hore su da azaba. Shi da kansa ya rubuta waɗannan abubuwa cikin littafin tafiyarsa.

Yaya mutumin da ya roƙi jinƙai ya kasa nuna jinƙai? A zamanin nan yawancin mutanen Ingila suna ɗaukar cinikin bayi sana'a ce kamar kowace, shi kuwa ba shi da fasto, ba shi da abokin bangaskiya da zai buɗe masa ido. Wannan dalili ne, amma bai zama hujja ba, Newton kansa ma bai kare kansa da shi ba. Daga baya ya shaida cewa a shekarun nan bai zama mai bi na sosai ba tukuna. Abin da za mu gani a nan shi ne haƙurin Allah. Da a ce ƙaunarsa lada ce ta aikin kirki, da ta janye daga wannan mutum tun da daɗewa.

A 1754, a tsibirin St. Kitts, ya gamu da wani kyaftin mai bi, Alexander Clunie, wanda ba ya cinikin bayi. Suka yi wajen wata guda suna zama kowane dare a kan Maganar Allah. Clunie ne ya koya masa cewa cetonsa yana tsaye a kan alkawarin Allah da ikonsa na kiyayewa, ba a kan ƙoƙarinsa ba. Tsoron da ya daɗe yana ji, na kada ya sake faɗuwa Allah ya yashe shi, ya rabu da shi. A watan Nuwamba na shekarar nan, saura kwana biyu ya tashi tafiya ta huɗu, sai wani ciwo ya buge shi ya faɗi sumamme. Likitoci suka hana shi tafiya, bai ƙara shiga teku ba.

MAKIYAYI A OLNEY

A 1755 ya sami aikin kwastan a Liverpool, yana binciken jiragen da ke shigowa. Ya saurari wa'azin George Whitefield da John Wesley, ya koya wa kansa Helenanci da Ibrananci. Ya nemi a naɗa shi ma'aikaci cikin Ekklesiyar Ingila, aka hana shi domin bai yi jami'a ba. Ya yi shekaru yana jira. A 1764, da taimakon wani basarake mai bi, Lord Dartmouth, aka naɗa shi, aka aike shi wani ƙaramin gari mai suna Olney. Yana da shekara talatin da takwas, uwarsa kuwa ta yi kusan shekara talatin da biyu a kabari sa'ad da addu'arta ta cika.

Mutanen Olney matalauta ne, yawancinsu saƙar leshi da hannu su ke yi. Newton ya kan sa tsohuwar rigarsa ta jirgi ya bi su gida gida. Ya kafa taron yara, da taron addu'a na tsakiyar mako. Jama'a suka ƙaru har aka ƙara bene a cikin majami'a. Albashinsa fam 60 ne a shekara, amma wani attajiri mai bi, John Thornton, ya riƙa ba shi fam 200 kowace shekara domin baƙi da matalauta. A bangon ɗakin karatunsa ya sa aka rubuta ayoyi biyu. Ɗaya ita ce Ishaya 43:4, mai maganar darajar da Allah ya ba mutanensa saboda ƙaunarsa. Ɗayar kuwa Kubawar Shari'a 15:15, mai tuna wa Isra'ila bautarsu a Masar da fansar Ubangiji. A ƙarƙashin waɗannan biyu ya shirya wa'azinsa shekara goma sha shida.

Wanda aka yi wa haƙuri mai yawa ya kan iya haƙuri da waɗansu. A 1767 wani mashahurin mawaƙi, William Cowper, ya zo ya zauna a Olney. Mutum ne mai ciwon baƙin ciki wanda ya kan taɓa hankalinsa. Newton ya jawo shi cikin aikin ziyara da shirya waƙoƙi domin taron addu'a. A farkon 1773 ciwon ya tashi da ƙarfi, Cowper ya gaskata cewa Allah ya yashe shi har abada. Newton da Mary suka ɗauke shi cikin gidansu fiye da shekara guda, suna tsaronsa dare da rana don kada ya yi wa kansa lahani. Cowper bai warke sarai ba har mutuwarsa a 1800, amma Newton bai taɓa shakkar cewa ƙaunar Allah tana riƙe da abokinsa ba, ko da shi abokin ba ya jinta. Waƙoƙin da suka shirya an buga su a 1779, guda 348, yawancinsu na Newton. A cikinsu akwai wadda a ke kira Amazing Grace, wadda ya shirya domin wa'azin Sabuwar Shekara ta 1773 a kan 1 Labarbaru 17:16-17, inda Sarki Dauda ya yi mamakin yadda Allah ya kawo shi daga inda ya fito. An juya ta cikin harsuna da yawa na duniya.

Akwai kuma wani fasto maƙwabcinsa, Thomas Scott, mai girman kai da ilminsa, wanda ba ya gaskata allahntakar Kristi, yana kuwa yi wa Newton dariya. Wata rana ya ji labari Newton ya yi ta ziyartar waɗansu mutum biyu na ekklesiyarsa shi Scott, suna bakin mutuwa, alhali shi bai leƙa su ba. Kunya ta kama shi. Ya nemi jan Newton cikin gardama ta wasiƙu, Newton kuwa ya ƙi gardama, ya amsa masa da taushi da abota. Sannu a hankali Scott ya ba da gaskiya, ya zama mai rubuta bayanin Littafi Mai Tsarki duka.

FURCI A GABAN DUNIYA

A 1780 Newton ya koma Landan, ya zama fasto na majami'ar St. Mary Woolnoth a tsakiyar birni. Cikin Disamba 1785 wani saurayi ɗan Majalisar Dokoki, William Wilberforce, ya zo wurinsa a asirce. Ya fara bin Kristi, yana tunanin barin majalisa. Newton ya ba shi shawara ya tsaya ya bauta wa Allah a inda ya ke. Wilberforce ne ya zama shugaban masu yaƙi da cinikin bayi a majalisar.

A 1788, shekara talatin da huɗu bayan barinsa teku, Newton ya buga ɗan littafi a kan cinikin bayi na Afirka. Ya bayyana yadda a ke cusa mutane cikin jirgi, da yawan masu mutuwa a hanya, da wulakancin da a ke yi wa mata, da yadda cinikin ke taurare zuciyar masu yinsa. Ya ƙaryata masu cewa 'yan Afirka ba su da tausayi ko gaskiya. Ya furta a fili cewa shi kansa yana da hannu cikin wannan mugunta, furcinsa kuwa ya yi latti. Aka aika wa kowane ɗan majalisa da littafin, shi kuma ya je ya ba da shaida a gaban hukuma. A lokacin nan dattijo ne mai daraja, ba wanda ya tilasta masa ya tone asirin kansa. Amma mutumin da ya tabbata Allah ya san mafi munin abin da ke cikinsa, ya kuwa ƙaunace shi duk da haka, ba ya bukatar ɓoye kome domin tsare sunansa.

Mary ta rasu da ciwon daji cikin Disamba 1790, bayan aure na shekara arba'in. Newton ya ci gaba da wa'azi har ya wuce shekara tamanin, idonsa ya dushe, kunnensa ya yi nauyi. A 1799 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta C.M.S., Thomas Scott kuwa shi ne magatakardanta na fari. Cikin Maris 1807 dokar hana cinikin bayi a jiragen Ingila ta tabbata, labarin ya same shi da ransa. Ya rasu ran 21 ga Disamba 1807, yana da shekara 82. A kwanakinsa na ƙarshe mantuwa ta kama shi, amma ya gaya wa mai ziyara abu biyu ba su ɓace masa ba, watau girman zunubinsa da girman Mai Cetonsa. A 1893 aka ɗauke ƙasusuwansa da na matarsa aka kai Olney.

Aikin nan ya taɓa ƙasarmu. Bayan dokar 1807 jiragen yaƙin Ingila suka riƙa tare jiragen bayi suna sauke mutanen a Freetown ta Saliyo, ƙasar da Newton ya sha yunwa ya kuma yi zalunci. A 1822 aka sauke wani yaro Bayarabe a can, C.M.S. ta rene shi, shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864, ya kai bishara bakin Kwara. A Freetown ɗin kuma akwai Hausawa 'yantattu, wurinsu ma'aikacin C.M.S. J. F. Schön ya fara koyon Hausa, shi ne kuwa ya fara juya littattafan Sabon Alkawali cikin harshenmu.

Hausawa su kan ce hali zanen dutse. Gaskiya ne ga ikon mutum, gama Newton ya gwada kankare nasa sau da yawa ya kasa. Ƙaunar Allah ce ta same shi yana mai saɓo, ta jure da shi shekarun makantarsa, ba ta kuwa bar shi yadda ta same shi ba. Ya ɗan'uwa mai karatu, in laifinka na dā yana hana ka matsowa, karanta Luka 15 yadda Newton ya karanta ta cikin jirgi mai yoyo, ka zo yadda ka ke. In kuwa ka daɗe cikin ekklesiya, ka roƙi Ubangiji ya nuna maka ko akwai wani zalunci da ka saba da shi har ba ka ganinsa, a gida, ko a gona, ko a kasuwa, domin kowa yana yi. Akwai kuma mai rauni irin Cowper da mai gardama irin Scott kusa da kowannenmu, suna bukatar haƙurin da aka yi mana. Allah ya zuba ƙaunarsa cikin zukatanmu ta wurin Ruhu Mai Tsarki, domin mu bauta masa da murna. Amin.